Kalmomin Turanci Masu Rigar Aro

Zuwa ga Edita,

Wasiƙun masu karatu game da ma'anar kalmomin Turanci sun taru a hannuna har sun yi tsibi, saboda haka yau na tsamo waɗanda suka shafi takardun hukuma da na ciniki. Mu nan Tozai da Illela bakin iyaka mu ke zaune. Da wuya ka shiga gidan mai fatauci ka rasa wata takardar Turanci naɗe a ƙasan akwati, wadda mai gidan ya dangwala wa yatsa, ya kuwa gaskata ya san abin da ke cikinta domin ɗansa mai zuwa makaranta ya karanta masa.

Na lura yawancin masu tambaya dogayen kalmomi su ke aiko mini, masu cika baki. To, 'yan'uwa, doguwar kalma ba ta cika kā da mutum ba, gama da ganinta ka san baƙuwa ce, sai ka tashi ka nemi wanda ya santa. Wadda ke kā da mutum ita ce gajeruwar nan da ya sani tun yana aji uku, ya kan faɗe ta kullum, amma a cikin takardar hukuma ta riƙe wata ma'ana tata ta shekaru ɗari biyar da suka wuce. Fuskar ta ɗan gida ce, zuciyar ta baƙo. Ita ce ba a tambaya a kanta, don kowa yana tsammanin ya gane.

Bari in fara da wasiƙar wani direba daga Gwadabawa, wanda ya kan ƙetara zuwa Birnin Ƙwanni. Ya ce a bangon fasfo ɗinsa daga ciki an rubuta ana roƙon hukumomi su bar mai wannan takarda ya wuce "without let or hindrance." Ya ce shi dai a makaranta an koya masa "let" bari ne, watau ƙyalewa, to yaya za a ce a bar shi ya wuce ba tare da an bar shi ba? Tambayarka ta mai hankali ce, malam direba. Kalmomi biyu ne dabam suka yi kama har suka zama kamar tagwaye. Ɗaya ita ce wadda ka sani. Ɗayar kuwa tsohuwa ce tukuf, danginta ɗaya da "late", wato makara, ma'anarta kuwa hanawa ko tsarewa, kishiyar ta farkon ke nan sosai. Turawan Ingila sun daina faɗinta a zancensu, ba ta saura ba sai a fasfo, da bakin lauyoyi, da wasan tanis, inda a kan kira ta in ƙwallon farawa ya taɓa raga ya wuce. Mu da muka yi makarantar mishan mun tarar da ita a tsohuwar fassarar Littafi Mai Tsarki ta Ingilishi ta shekarar 1611, tare da "prevent", wadda a can ma'anarta riga wani zuwa wuri, ba hana shi ba. Saboda haka abin da fasfo ɗinka ya ce shi ne a bar ka ka wuce ba tsaiko ba tangarɗa. Ko masu shingen hanya sun karanta wannan layi, wannan kuma wata magana ce.

Wani zai ce, don me ba a zubar da irin waɗannan kalmomi ba? Labarin yana da tsawo, amma ga shi a taƙaice. A shekarar 1066 Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi. Daga nan sannu a hankali Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, Latin ya zama na rubuta littattafan kotu, Ingilishi kuwa aka bar wa manoma da 'yan kasuwa. Ba a tilasta wa kotunan Ingila yin dukan rubutunsu da Ingilishi ba sai 1733. Kafin lokacin harshen lauyoyi ya riga ya daskare, kowace kalma an yi shari'a a kanta an san iyakarta, ba mai son taɓa ta don kada ya ɓata wa wanda ya ɗauke shi aiki. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Je ka zauren alƙali ka ji ana mudda'i, da bayyina, da i'izari, alhali duk waɗanda ke zaune Hausawa ne. Kowace shari'a tana son tsohon harshe, kamar yadda tsohuwa ke son tsohuwar tukunyarta.

Yadda kuwa suka iso mana, ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, a watan Maris 1903 sojansa suka shiga Sakkwato. Dokokin kafa kotunan Turawa a ƙasar nan suka ce a bi shari'ar Ingila da manyan dokokinta waɗanda ke aiki a wannan rana ta farkon 1900. Da su aka zo da takardun kwaikwayo na haya, da na jingina, da na rantsuwa, akawu ya kwafa daga akawu, lauya daga lauya, har yau. Abin dariya, masu harshen su da kansu sun fara gajiya. A shekarar 1999 kotunan Ingila suka sake ƙa'idodinsu na ƙararrakin dukiya, suka jefar da "plaintiff", suka ce a riƙa kiran mai ƙara "claimant", don talaka ya gane. Mai riga ya tuɓe ta saboda zafi, wanda aka ba aro yana nan yana gumi a cikinta.

Wani mai sayar da dabbobi a kasuwar Illela ya aiko ya ce a takardar bashinsa ya ga "goods and chattels", ya ce ko kuskuren mai buga takarda ne, shanu a ke nufi? Ba kuskure ba ne, amma ka yi kusa. "Chattel", da "cattle" wato shanu, da "capital" wato jari, uwarsu ɗaya, kalmar Latin ce mai ma'anar kai. A zamanin dā arzikin mutum da kawunan dabbobi a ke ƙidaya shi. Ashe ba Fulaninmu kaɗai ke kiran garke dukiya ba, Larabawa ma jari ra'asul mali su ke ce masa, kan dukiya. Amma a takarda "chattels" ya wuce shanu, ya haɗa duk abin da ka mallaka wanda ba ƙasa ba, ba gini ba: babur, da keken ɗinki, da buhunan gero, da akuyar da ke turke. In ka jinginar da su da wannan kalma, ka san faɗin abin da ka jinginar. Haka kuma "impound" daga dabbobi ta fito. "Pound" ɗin da ke cikinta ba fam na kuɗi ba ne, ba kuma na awo ba. Shinge ne da ƙauyukan Ingila da yawa ke da shi a zamanin dā, inda a kan tsare dabbar da ta shiga gonar wani har mai ita ya zo ya biya ɓarna. To, in an ce an yi wa motarka haka, an ɗaure ta ne a turken hukuma, tana nan taka ce, sai ka biya abin da a ke binka ka kwance ta.

A nan ne fa ya kamata mutanen bakin iyaka su buɗe kunne, domin akwai kalmomi uku na kwastan da jama'a ke cuɗawa wuri ɗaya, alhali matakai ne, kowanne ya fi na bayansa nauyi. Na farko "seizure", kamawa ke nan, kaya sun bar hannunka amma magana ba ta ƙare ba. Na biyu "forfeiture", daga tsohuwar kalmar Faransanci mai ma'anar laifi, watau hasarar abu saboda an taka doka da shi. Na uku shi ne mai rigar aro, "condemn". A bakin makanikai da 'yan gwangwan, in an ce abu ya yi kondem, to ya lalace, ba ya moruwa. Sai mai kaya ya ji an karanta masa cewa za a yi wa shinkafarsa ko atamfarsa haka, ya yi murmushi ya ce, ai kayana lafiyarsu lau, duk wanda ya buɗe buhu zai gani. Wayyo! Ba lafiyar kaya a ke magana ba. A harshen kwastan ma'anarta an tabbatar da hukuncin cewa kayan sun zama na gwamnati, sun fita daga mulkinka har abada, ko da sababbi ne fil. A ƙarƙashin tsohuwar dokar kwastan ta 1958, wata guda a kan ba mai kaya daga ranar takardar kamu ya rubuto cewa bai yarda ba. In ya yi shiru watan ya cika, doka ta ɗauka an riga an yi musu wannan hukunci, ba sai an je gaban alƙali ba. An maye gurbin wannan doka da sabuwa a 2023, amma kalmomin uku suna nan a bakin ma'aikata. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa takardar kamu, abin da zai fara nema a cikinta shi ne kwanan wata da wa'adin da aka ba shi, tun kafin ya tafi neman wanda ya san wani babba.

"Demurrage" kuwa, wadda mutum uku suka tambaya, doguwa ce mai gaskiya, ba ta yaudarar kowa. Kuɗin jinkiri ne. Asalinta na jiragen ruwa ne, abin da ɗan kasuwa ke biyan mai jirgi in ya tsai da shi a tasha fiye da kwanakin da aka yi alkawari, daga baya aka ɗora ta a kan kwantena da manyan motoci. 'Yan'uwanmu na Ƙwanni da suka yi makarantar Faransanci za su gane ta nan da nan, gama daga kalmarsu ta zama a wuri ta fito. Mutanenmu sun koye ta da tsada. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, ba a buɗe ba sai 16 ga Disamba 2020, Illela tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Aka sāke rufe tamu da Nijar a watan Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, har zuwa Maris 2024. Wanda ya ga manyan motoci jere a bakin hanya cikin waɗannan watanni ba ya bukatar ƙamus.

Tun da mun taɓo motoci, ga wata 'yar ƙarama da ke ba ni sha'awa. A jikin kwantena da wasu motocin kaya za ka ga an rubuta TARE, da lamba a gabanta. Yaro ya karanta da Hausa ya ce tare da wa? Nauyin mazubi ne ba kaya a ciki, wanda a ke cirewa daga jimlar awo don a san nauyin kayan zalla. Abin mamaki, kalmar Larabci ce ta yi yawon duniya. Malaman hisabi sun san ɗarhu, watau ɗebewa. Ita ce fataken Italiya suka ɗauka daga Larabawa, ta bi ta Faransa ta shiga Ingila, ga ta ta komo mana bisa ƙarfe. Haka "tariff", jerin kuɗin fito, ta'arifi ne, sanarwa. Duwan ma da a ke faɗi a hayin Nijar daga diwani ta ke. Wanda ya yi karatun zaure ya fi kusa da waɗannan kalmomi bisa ɗan Landan, sai dai ba a gaya masa ba.

Yanzu ga wasiƙar da ta fi damuna cikin tsibin nan. Wani manomin albasa, bai so a faɗi garinsu ba, ya ce su biyar suka haɗu suka karɓi rance don noman rani, suka sa hannu a takarda ɗaya. Damina ta zo, uku sun kāsa, ɗaya ya tafi ci-rani ba labari, sai ga mai bashi a ƙofarsa shi kaɗai yana neman dukan kuɗin. Ya kwafo mini layin da aka nuna masa, ga abin da ke ciki: "jointly and severally". Ya ce ɗan ƙanensa mai sakandare ya karanta musu tun ran farko, ya ce ma'anarsa su da yawa ne suka haɗu, kowa da rabonsa.

Yaron bai yi ƙarya ba, abin da aka koya masa ya faɗa. A Turancin yau "several" na nufin da dama, fiye da biyu amma ba tuli ba. Amma tsohuwar ma'anarta, wadda lauyoyi suka riƙe, ita ce a rarrabe, ɗaya ɗaya, danginta guda da "sever", yankewa. To, kalmomin nan uku cewa su ke yi: ana binku bashin nan gaba ɗayanku, ana kuma bin kowane ɗayanku dukansa, shi kaɗai. A misali, in naira 500,000 ce, kai kana lissafin 100,000 ce a wuyanka, mai bashi kuwa yana da iko ya zaɓi wanda ya ga ya fi ƙiba a cikinku ya karɓi 500,000 cif daga gare shi. Ba ruwansa da yadda kuka raba a zaure. Abin da ya rage maka, malam, shi ne in ka biya fiye da rabonka, shari'a ta ba ka iko ka bi abokanka kowa ya mayar maka da nasa kason. Ka riƙe rasit na kowane kwabo da ka biya, ka kuma nemi lauya ya duba takardar dukanta, domin ni akawu ne, layi ɗaya kuma ka aiko mini. Amma ma'anar layin ke nan, ba ta da wata.

Irin wannan ce "surety", wadda a ke sa mutane su sa hannu a ƙarƙashinta wajen beli ko wajen ɗaukar yaro aikin kanti. Da yawa suna jin "sure" a cikinta, su ɗauka shaida ce kawai cewa sun san mutumin, ɗan mutunci ne. A'a. Lamuni ne. Ka tsaya masa da aljihunka, in ya gudu kai ne a hannu. Hausawa sun san lamuni tun kafin zuwan Bature, sun kuma san ba a yinsa don kunya. Rigar Turancin ce kawai ta sa ya yi kama da gaisuwa.

Akwai 'yan'uwansu da yawa a takardun hayar shago da na gida, zan ratsa su da sauri. In takarda ta fara da kiran jama'a su sani "by these presents", ba kyauta za a raba ba, takardar ce ke nufin kanta. In an ce an yi "execute" ɗinta, ba wanda aka kashe, hannu aka sa. "Consideration" ba tunani ba ne, ba kuma tausayi ba, abin da ka bayar ne a madadin abin da ka karɓa, yawanci kuɗi. "Save" a tsakiyar layi sau da yawa ma'anarta sai dai, ko ban da, kuma abin da ya biyo bayanta shi ne ramin da ke cikin alkawarin. "Distress" ba baƙin ciki ba ne, kama kayan mai haya ne saboda bashin haya, ko da ya ke baƙin cikin ya kan biyo baya. Wadda ta fi su haɗari ita ce "determine". Ɗan makaranta zai ce ƙudura niyya, ko yanke shawara. A takardar haya kuwa ma'anarta kawo ƙarshe. In an rubuta mai gida yana da iko ya yi wa hayar haka da sanarwar wata ɗaya, ba shawara zai yi ba, fitar da kai zai yi.

To, wa ke da alhakin bayyana wa mai dangwala yatsa duk wannan? A nan maganar ta zo kan mu akawuna da masu rubuta wa jama'a wasiƙa a ƙofar kotu da gidan waya. Tun zamanin Turawa akwai doka ta kare wanda bai iya karatu ba, jihohi kuma suka gāje ta. Ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, lalle ya sa sunansa da adireshinsa a jikinta. Sa sunan nan kuwa daidai ya ke da ya ce: shi ya sa ni, abin da ya faɗa na rubuta, na karanta masa na kuma bayyana masa kafin ya sa hannu. 'Yan layukan da a ke ƙarawa a gindin takarda don shaidar haka lauyoyinmu suna kiransu "jurat", kalmar Latin ce, ma'anarta yana rantsuwa. Ba ado ba ne. Wanda ya ga an kawo masa takarda babu sunan marubucinta, babu wannan shaida, yana da dalilin da zai mai da hannunsa aljihu.

Amma ita kanta kalmar da dokar ta rataya a kanta, "illiterate", ta taɓa kai mutanen Arewa har babbar kotu. Kowa ya san fassararta, wanda bai iya karatu da rubutu ba. To, karatun wane harshe? Kamfanin Paterson Zochonis, wanda mu ke kira PZ, ya yi ƙarar mutum biyu, ɗaya ana binsa bashi, ɗayan ya tsaya masa da takardar lamuni da aka rubuta da Ingilishi. Mai lamunin ya iya karatu da rubutu da Larabci, amma ba ya jin Ingilishi. Ya nemi dokar nan ta kare shi, kotun farko ta yarda da shi. Da aka ɗaukaka ƙara, a shekarar 1962 babbar kotun tarayya da ke Ikko ta ce a'a, wanda dokar ke nufi shi ne wanda bai iya karatu da kowane harshe ba, mai Larabci kuwa ba ya cikinsu. Ku duba wannan al'amari, jama'a. An girmama ilminsa, an kuma bar shi da takardar da bai iya karanta ko layi ɗaya nata ba. A ganina hukuncin ya bi harafin kalma ya bar abin da aka kafa dokar dominsa, gama malamin da ya haddace Risala da Muhtasar, in ka ajiye masa takardar Ingilishi, shi da makaho ɗaya ne a gabanta, kamar yadda babban jojin Ingila zai zama in an miƙa masa wasiƙar ajami. Daga baya alƙalan Kotun Ƙoli sun karkata ga wannan ra'ayi, suka riƙa auna mutum da harshen da aka rubuta takardar da shi. Duk da haka wanda ya ce bai iya ba, shi ne zai kawo hujja, kuma shari'a tana cin kuɗi da shekaru. A ƙasa irin tamu, inda mutum ɗaya zai iya Larabci da ajami, maƙwabcinsa na hayin iyaka ya iya Faransanci, takarda kuma ta zo da Ingilishi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ina kuma da 'yar magana da abokan aikina. Karanta wa mutum takarda da Turanci da ƙarfi, sa'an nan a ce masa da Hausa "ba kome, sharuɗɗa ne na kullum", wannan ba bayani ba ne. In kai kanka ka iske kalmar da ta yi maka kama da sananniya amma layin bai zauna daidai ba, kamar yadda direban Gwadabawa ya ji a jikinsa, to ita ce abar bincike. Ƙaramin ƙamus na 'yan makaranta ba ya isa nan, don ma'anar yau ya kan kawo ya tsaya. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka gama bugunsa na farko a 1928, shi ne ke jera ma'anonin kalma bisa shekarunsu, tsohuwa kafin sabuwa. Wanda bai same shi ba, ya duba kowane ƙamus mai kauri, ya gangara ƙasa zuwa ma'ana ta huɗu ko ta biyar, inda aka sa alamar cewa ta shari'a ce ko ta dā. Yanzu ma da wayar hannu a kan same su.

Saura tambaya ɗaya ta wani tsohon ɗan kasuwa daga Gada, wanda ya tarar da wasiƙun mahaifinsa na zamanin cinikin gyaɗa da fata, ya ga "inst." da "ult." da "prox." a bayan kwanan wata. Waɗannan kayan aikin akawunan dā ne. Ta farko gajarcewar "instant" ce, amma ba nan take ta ke nufi ba, watan da a ke ciki ke nan. Ta biyu watan jiya, ta uku watan gobe. Wanda aka ce ya biya ran 28 "inst." yana da sauran kwanaki, ba sai ya sayar da jakinsa yau ba. Ya kuma tambayi "fortnight". Dare goma sha huɗu ne aka dunƙule, mako biyu. Tana da ƙanwa, "sennight", dare bakwai, wadda ta riga ta mutu. Ashe kakannin Turawa ma da kwana su ke ƙidayar lokaci kamar mu. A cikin takardun nan, Alhaji, za ka kuma ga "cwt.", watau "hundredweight". Kada sunan ya ruɗe ka ka lissafa ɗari, a awon Ingila laba 112 ne, ashirin ɗinsa su ne tan guda na laba 2,240. "Score" kuma a wurin ƙidaya ashirin ne, daga tsagar da makiyayi kan yi a sanda in tumaki ashirin sun wuce, daidai da hauya a lissafin kakanninmu na zamanin wuri.

Masu aiko da tambaya, ina roƙonku ku riƙa kwafo layin dukansa, ku kuma faɗi irin takardar da ya fito, ko ta kotu ce, ko ta haya, ko ta kwastan, domin kalma tsirara ba ta faɗin wace riga ta sa. Sunayenku da na waɗanda kuke hulɗa da su ba sai kun rubuto ba. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kalmomin takardun gado da na filaye, musamman "demise" da "issue", waɗanda wata malamar makaranta daga Wurno ta tambaya.

Haza wassalam.

Naku,
Akawu, Tozai, ƙasar Illela.